Yadda Za Ka Ɓoye Jita Biyar Kafin Tsohuwa Ta Iso

Kai mai tara jita, matso kusa. In kana da jitar bes, mai dogon wuyan nan da tsirkiya huɗu da ke sa ƙofar maƙwabta kakkarwa, kuma sun taru sun yi wa ɗakinka yawa, to kakarka ta yanke saƙa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ko aljani ba zai san kana da su ba. An gwada su a kan maƙwabcina Muhsin na Sabon Garin Wudil, ma'aikacin jami'a, kuma har yau yana raye.

1. Ka san abin da ke gabanka

Muhsin na da jita biyar da ɗaki ɗaya da yake kira situdiyo, wanda in ka shimfiɗa katifa a ciki sai ka fita waje ka juya. Matarsa Bilkisu ta yi haihuwa ta biyu. Mahaifiyarsa, Inna Safara'u, ta aiko daga Achika cewa za ta zo ta yi mata wankan jego, kwana arba'in cur. A ina za ta kwana? A situdiyo.

Ga inda gizo ke saƙar: Muhsin ɗan marigayi liman ne, kaf zuriyarsu babu makaɗi. Shekara goma sha ɗaya yana kaɗawa, tsohuwa ba ta sani ba. Shi ba faɗanta yake tsoro ba. Tsoronsa ta gani ta yi shiru ta sunkuyar da kai.

2. Kada ka yarda a ce ka rage

Matarka za ta ce, kamar yadda Bilkisu ta ce, "Baban Ummi, ka bayar da uku mana. Ai duk kukansu ɗaya, dum-dum-dum." Dafe ƙirji kamar an yi maka mugun albishir. Muhsin cewa ya yi, "Haba Bilkisu! Ke za ki ce Ummi da jaririyar nan ɗaya ne?"

"Su ai ba a tuntuɓe da su a hanyar banɗaki," in ji ta.

3. Ƙarƙashin gado

Tura biyu. Wuyan ɗaya zai leƙo waje. Muhsin ya zura masa safa don ya saje, sai ya koma kamar wani ƙato ne ya ɓuya a ƙarƙashin gadon mai jego. Cire safar, ciro jitar. Dama babu tsohuwar da za ta kwana biyu a gida ba ta zura tsintsiya can ba.

4. Silin

Hau kujera ka cusa ɗaya tsakanin silin da kwano. Ka manta da zafin Wudil. Bayan kwana uku Muhsin ya sauko da tasa, wuyanta ya fara lanƙwashewa kamar lauje. Masana sun ce lanƙwasasshiyar jita ba ta cin wuri. Ni ne masanan.

5. In za ka kai ajiya, kada ka naɗe a tabarma

Wannan matakin da hawaye aka rubuta shi. Muhsin ya lulluɓe babbar cikinsu da farin zanen gado, ya naɗe da tabarma, shi da abokinsa Tasi'u suka ɗauko a kafaɗa, a hankali, fuska ba walwala. Kafin su kai bakin titi mutum tara sun biyo bayansu suna salati. Mai shayi ya rufe teburinsa. Malam Halliru ladan ya sha gabansu yana haki: "Allah ya jiƙan rai! Wa aka rasa ba a sanar ba?"

"Shimfiɗa ce, Malam," in ji Muhsin, gumi na tsiyaya.

"To ku daina ɗaukar shimfiɗa da ladabi haka!"

Haka suka yi kwana suka dawo da ita gida.

6. Babbar riga

Yauwa, nan ilimin yake. Jingina kowace a tsaye cikin wadrob ɗin situdiyo, zura mata babbar riga, ɗora mata hula. In rigunanka ba su kai ba, ari ta maƙwabci. Na Muhsin sun jeru su biyar kamar 'yan ɗaurin aure. Sifikar jitar kuwa rufa mata ledar tebur ka ɗora fulas. Soson da ka manna a bango don tare ƙara ka ce maganin zafi ne.

7. Kada itace ya yanke

Wankan jego ba abin da yake ci kamar itace, jita kuma katako ce. Ban ce komai ba. Muhsin dai sai da ya tara itacen da zai dafa abincin biki, Inna tana ta sa masa albarka, wai yaron nan akwai kula da iyali.

8. Ka tuna da jaririya

Nan ne lissafi ya kwance, kuma ba laifina ba ne. Yarinyar nan wata tara ta yi a ciki tana jin dum-dum kullum. Ta fito duniya ta tarar gida tsit. Sai kuka. Ranar kwana goma sha biyu tun hantsi take tsala ihu har la'asar. An goya, an jijjiga, an yi tofi, a banza. Bilkisu ma ta fara hawaye. Muhsin na tsaye bakin ƙofa, ya san maganin, yatsunsa na ƙaiƙayi.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Auta, je ka tuɓe wa Alhajin tsakiya riga, ka kaɗa wa yarinyar nan ta samu barci."

"Inna, wane Alhaji?"

"Tun ranar da na sauka na buɗe zan rataye mayafina, na ga mutum biyar a tsaye. Har ƙasa na durƙusa na gaishe su. Ko ɗaya bai amsa ba."

Ya ɗauko ta, ya kaɗa ƙasa-ƙasa. Kafin minti uku jaririya ta yi luf. Inna ta dube shi.

"Shekara nawa?"

"Sha ɗaya, Inna."

"Kiɗan dai ba na so, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba shi ya ci mini rai ba. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa gidan autana ana kawar da kaya, ashe ni baƙuwa ce."

Wallahi Muhsin kuka ya yi, na ji shi ta katanga. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce ya ci gaba da kaɗawa, yarinya ta fara motsi.

9. Bango

Kira kafinta ya kafa maratayi biyar, a naɗe su da tsumma, nesa da taga. Shi ke nan, ɗaki ya buɗe. Inna da kanta ta tsaya tana nuna masa: "Ƙara sama, kada Ummi ta jawo." Ta sa aka ƙara na shida don mayafinta.

Gargaɗi

Ni fa ba ruwana. In tsohuwarka ba irin Inna Safara'u ba ce, ta dafa ruwan wanka da jitarka, ko unguwa ta bi ka har maƙabarta, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, ban san ka ba. Kai kuma Muhsin, shuɗiyar rigar da Alhajin tsakiya ya saka tawa ce, Juma'a ta kusa.