Rangadin Malam Na'Allah Shirin-Zaune

In ana zancen manyan mutanen da ƙasar Bodinga ta haifa a zamanin Turawa, duk wanda ya tsallake Malam Na'Allah bai yi wa tarihi adalci ba. Shi kansa Malam ya sha faɗin haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Akawu ne a ofishin Baturen dabbobi. Ya yi elemantare har ya kusa gamawa. Yana da agogon hannu da ya daɗe da mutuwa, amma sai ya dube shi kafin ya amsa sallama. Sama da duka yana da keke baƙi wul, mai ƙararrawa da madubi, wanda ake shafe shi da man gyaɗa safe da yamma. Tsakanin gidansa da ofis bai wuce jifa ba, duk da haka a kan keke yake zuwa, yana kaɗa ƙararrawa don kaji su san wane ne tafe.

Wata shekara, bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, ciwon bushiya ya ɓulla cikin shanu. Baturen, wanda mutane ke kira Mai Lofe, ya ce zai yi wa dabbobi allura a Shagari ran kasuwa mai zuwa, yini guda kawai, sa'an nan ya wuce wata ƙasar. Ana neman wanda zai zagaya rugagen da ke bayan duwatsun Kajiji ya gaya wa Fulani su koro shanunsu. Hakimi ya ce a tura ɗan aike a kan doki.

Malam Na'Allah ya miƙe, ya gyara hular hana-salla.

"Ranka shi daɗe, doki abin jiya na. Shina cin ciyawa, shina shan ruwa, shina gajiya. Wanga nawa kuwa iska kaɗai yaka sha. Abin da mai doki ka yi cikin mako, ni da ƙarhen Ingila mu gama shi kahin a ce kwabo. A bar mani duwatsun ga."

Mai Lofe ya gyaɗa kai. Hakimi ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya," da irin muryar da ake yi wa mai jinya addu'a.

Ko mako ba a da shi kafin kasuwa. Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya ɗaura ɗamara ya kama hanya a ranar. Amma manya ba sa gaggawa. "Shirin zaune ya hi na tsaye," in ji Malam, kuma daga ranar sunan ya bi shi.

Ya fara da taswira. Ya share gindin durumin ƙofar gidansa, ya zana ƙasar duka da tsinke: ga Dandin Mahe, ga Horo Birni, ga Kajiji, ga tsakuwa a jere a matsayin duwatsu. Masu zaman kashe wando suka kewaye shi. Ya nuna musu inda zai kwana, da inda zai sha shayi, da dutsen da zai tsaya a ƙwanƙolinsa ya ɗaga hula. Da la'asar awaki suka dawo daga kiwo suka bi ta kan Kajiji. Washegari aka sake zana ƙasa, aka ƙara mata kogi.

Daga nan sai zancen jakunkuna. Ya tasa Sama'ila baduku a gaba ya ɗinka masa taiki biyu na rataya wa keke. Da aka kawo ɗinkin farko, Malam ya ce sun yi kama da mangalar jaki. Da aka sake ɗinka wasu, ya ce jar fatar ba ta dace da baƙin keke ba. Sama'ila ya yi ta haɗiye magana yana soka basilla.

Matarsa Hajo ta daka masa dakuwa, ta soya ƙuli-ƙuli, ta sayo kilishi. Shi kuwa tsari aiki ne mai sa yunwa. Kafin a gama muhawarar ko gajeren wando zai sa irin na Turawa ko buje, guzuri ya ƙare a gindin durumi.

"Malam, shanun mutane hwa na mutuwa," in ji Hajo, tana zuba wata gyaɗar a turmi.

"Ke dai yi dakanki. Mi mace ta sani ga al'amarin rangadi?"

Sai kuma sallama. Mutum kamar Malam ba ya barin gari a ɓoye kamar ɓarawon akuya. Ya bi liman, ya bi sarkin fawa, ya bi surukansa, ko'ina yana maimaita jawabinsa a kan doki da ƙarfen Ingila. Shi da ke yi wa mutane dariya a kan camfi, sai da ya zagaya ta bayan gida ya tambayi wani malamin duba ranar sa'a.

Ana jibi kasuwa ya tashi. Abin kallo ne. An ɗaure wa keke kujera mai naɗewa, da gidan sauro, da butar shayi, da fitilar aci-balbal, da laima, da bahon wanka, don ba zai yiwu ma'aikacin gwamnati ya yi wanka da ƙwarya ba. Da ya hau, ƙafar gaba ta ɗaga sama kamar ingarma ya ga goɗiya. Aka taru aka danne ta. Ya kaɗa ƙararrawa, ya fita gari cikin guɗa.

Bayan gari kaɗan yashi ya fara. A taswirar Malam babu yashi. Ƙarfen Ingila ya nutse, ya ƙi gaba. Mai keke ya sauka ya tura, gumi na bin hana-salla. Da kyar ya isa Dandin Mahe, inda mai gari ya yanka masa zakara. Malam ya ga rashin ladabi ne a ci zakaran mutum a tashi da sassafe, ya ƙara kwana don keke ya huta.

Ran kasuwa ta same shi a gindin dutsen farko, ƙaya ta huda masa ƙafa biyu, ta keke da tasa. Cikin dukan kayan da ya ɗauko babu famfo, babu abin faci. Rugagen kusa sun ji labari a bakin masu tallar nono, sun kora shanunsu Shagari. Yana zaune a kujerarsa mai naɗewa suka wuce shi, ya ɗaga musu hannu kamar shi ya aiko su.

Rugar Arɗo Mode kuwa tana can bayan dutse na ƙarshe, inda mai talla ba ta zuwa. Can Malam ya isa bayan kasuwa ta watse, Mai Lofe ya naɗe tantinsa ya yi gaba. Ya iso yana ɗingishi, keke a kafaɗa, baho na bugun ƙeyarsa. Bai nemi ruwa ba sai da ya hau kan wani turmi, ya gyara murya.

"Jama'ar Arɗo, ku saurara. Gwamnati, cikin tausayinta, ta aiko ni musamman, na ratsa duwatsun da doki ba shi iya ratsawa, in shaida muku ku kai shanunku Shagari ran kasuwa."

Mata na zaune, ƙoren nono a kife a gabansu. Arɗo Mode, tsoho mai farin gemu, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Sannu da hanya, Malam. Ba mu za ka gaya wa ba. Zo ga masu saƙon."

Ya kai shi bayan bukkoki. Ga fatun shanu nan an baje a ƙasa, an kafe su da turaku, farare da jajaye, tun daga gindin ƙirya har bakin kwari. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi.

"Ga su nan," in ji Arɗo. "Yi musu jawabi. Yanzu ba su zuwa ko'ina."

Malam Na'Allah ya matsa kusa. Ya bi fatun da kallo ɗaya bayan ɗaya, har Arɗo ya zaci abin ya taɓa masa zuciya. Can ya durƙusa, ya shafa wata jar fata mai sheƙi, ya ɗago kai.

"Arɗo, wagga ba a sam mani ita? Sirdin keken nan ya ci mani jiki ƙwarai."