Ajiyar Dardumar Inna

Ko na so in manta da ranar da aka kawo lefen Balkisu, ba za ta mantu ba. Amma kafin in kai ga ranar, bari in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina, don shi ne ya kai ni ya baro.

Ni 'yar Maruda ce, can ƙasar Gwandu, aure ya kawo ni Kalgo. Makaranta a aji huɗu na tsaya. Tun ranar da aka kawo ni nake tsoron abu guda: kada dangin mijina su ce 'yar ƙauye ce, ba ta iya riƙon kaya ba. Ba wanda ya taɓa faɗa min haka. Sai dai ina da ido. Na sha ganin Yaya Hauwa, yayar mijina, in ta zo gidanmu ta shafa yatsa a kan kwanukan jerena, ta duba yatsan, ta ci gaba da hira kamar ba ta yi komai ba. Akwai lokacin da ɓera ya ci gefen hular Sallar Baban Sadiya (mijina ke nan, Sadiya ce 'yarmu ta fari), kwana uku abinci bai yi min daɗi ba, alhali mai hular dariya ya yi ya wuce.

Surukata, Inna, tana da wata darduma ja, babba, mai kauri, irin wadda ƙafa ke nutsewa a ciki. Marigayi mijinta ne ya saya mata. Sau biyu ake shimfiɗa ta a shekara, Ƙaramar Sallah da Babba, sai ko in za a yi manyan baƙi. Jikoki duk sun san ba a hawa ta da maiƙo a hannu. Bayan Babbar Sallah ta waccan shekarar damina ta kankama, ɗakin Inna ya fara yoyo, gara kuma ta ɓullo ta gindin bango. Sai ta aika aka kira ni.

"Uwar Sadiya, ɗakinku siminti ne, kuma na lura ke ba ki da rawar kai. Tafi da wagga darduma ki ajiye min. Amana na ba ki."

'Ya'yanta mata biyu ta tsallake ta ba ni. Na durƙusa na ce, "In Allah ya yarda, Inna, yadda kika ba ni haka za ki karɓa." Ina tafe bayan babur ina rungume da ita kamar jaririya, kaina ya yi girma. Kafin mu kai gida murnar ta koma fargaba. In gara ta same ta fa? In ɓera ya haihu a ciki fa? Kyankyaso fa?

Abin da ya kamata in yi shi ne in tambayi wani yadda ake ajiye darduma. To, wa zan tambaya? In na tambayi Yaya Hauwa, na tona wa kaina asiri. In na tambayi Baban Sadiya, zai ba da labari a gidansu yana dariya. Sai na zauna na yi shawara da kaina, kuma kaina ya ba ni shawarar da ya sani. A Maruda, mahaifiyata tana ajiye wake shekara guda ƙwaro bai taɓa shi ba. Busasshen barkono take dakawa ta cuɗa a cikin buhu. Na ce abin da ya kori ƙwarin wake ai zai kori na darduma, ƙwaro dai ƙwaro ne.

Na sayo ƙananan barkonon nan masu bala'in yaji, kusan rabin kwano. Na kai Sadiya gidan maƙwabta, na ɗaure hanci da ɗankwali, na daka shi lukui. Na baje dardumar na barbaɗe ta tun daga wannan baki har wancan, na bi da tsintsiya ina shigar da shi cikin gashin don kada wani lungu ya rasa rabonsa (ina hawaye ina tari, ina kuma yaba wa kaina). Na naɗe, na sa a leda, na sa a buhu, na ɗinke bakin, na ɗora a kan bulo huɗu a bayan gado. Duk Juma'a sai na leƙa. Wata takwas, ko tururuwa ba ta bi ta wurin ba.

Ana saura 'yan makonni azumi aka sa ranar kawo lefen Balkisu, autar Inna. Dangin ango daga Diggi za su zo. Ranar da safe Baban Sadiya ya ce Inna ta ce a kai darduma. Na fito da ita tsakar gida na warware, ga ta nan sabuwa fil. Na share ta sau biyu, na ɗaga na karkaɗe iya ƙarfina. Na yi atishawa uku, na ce shi ke nan, ya fita. Ban buga ta da sanda ba, tsoro nake kada ta yage. Kuma ita ja, barkono ja, ido bai nuna min komai ba. Ban gaya wa kowa abin da na zuba ba, na bar shi a matsayin sirrin gwaninta.

Aka shimfiɗa ta a babban ɗakin Inna, Yaya Hauwa ta turare ɗakin da turaren wuta har ba ka jin ƙamshin komai sai shi. Bayan azahar baƙi suka iso, mata goma sha biyu da akwati shida, shugabarsu wata dattijuwa, gwaggon ango, doguwa mai faɗa a ji. Suka tuɓe takalma suka zazzauna. Babu wuta, zafi kamar a gasa mutum, kowa na fifita da gefen mayafi. Na shigo da tiren zoɓo daidai lokacin da wata ta shafa dardumar ta ce, "Kai, Hajiya, wannan sabuwa ce?"

Inna ta ce, "Ina fa sabuwa! Ta girmi auren wasu a nan. Ɗiyata ce ta iya ajiya, ga ta can. Wata takwas tana hannunta, ku duba ko ɗigon gara."

Duk suka juyo suka dube ni. Na sunkuyar da kai irin na kunya, amma a zuciyata rawa nake. Har Yaya Hauwa na ga ta gyaɗa kai.

Ana haka aka kawo wuta. Yaran unguwa suka yi ihu a waje, fankar sama ta tashi da ƙarfinta na ƙarshe, don a nan aka bar ta. Lokacin kuma mata biyu suka cicciɓo babbar akwati suka dire ta tim a tsakiyar darduma.

Gwaggon ango ce ta fara. Ta ɗaga atamfar farko za ta nuna, sai "Atisha!" Ta ce alhamdu lillahi, aka amsa mata. Ta sake, aka amsa. Ta kusa da ita ta karɓa, ta bayanta ma. Kafin a fito da atamfa ta uku an daina amsa wa kowa, don masu amsawar ma ta kansu suke yi. Wata da ta dafa darduma da hannu ta kai hannun ta share ido, sai ta ƙwala ihu, "Wayyo idona!" Wani jariri da aka kwantar a gefe ya tsanyare da kuka. Wata mai jiki, wadda gumi ya jiƙe wa ƙafafu, ta fara mutsu-mutsu tana sosa ƙwauri, tana son ta riƙe mutuncinta, abin ya ƙi. Inna kanta hawaye take, tana cewa, "Mi ya faru? Hauwa, mi kika sa a turaren nan?"

Ni ina bakin ƙofa da tire a hannu. Na san ko mene ne tun atishawar farko. Na ce a raina, ki yi shiru, za a ɗora wa turare.

Sai gwaggon ango ta miƙe, ido jawur, ta rufe akwatin da ƙarfi.

"Hajiya, in ba ku son auren ga, ku faɗa muna da baki. Mun zo da mutunci, a barbaɗa muna magani wurin zama? Ku tashi, ku ɗauki kaya!"

Suka fara jan akwatuna. Inna ta riƙe hannun gwaggon tana rantsuwa, tana tari, maganar ma ba ta fita. Daga ɗakin ciki na jiyo kukan Balkisu. A nan ƙafafuna suka kai ni tsakiyar ɗaki ba da shawarata ba. Na ajiye tiren na durƙusa.

"Gwaggo, don Allah ku tsaya. Ba magani ba ne. Barkono ne. Ni na zuba."

"Barkono? Na mi?"

"Na gara."

"Gara?"

"Kamar yadda ake yi wa wake."

Wata ta kasa riƙe atishawarta. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta fyace hanci da gefen mayafi.

"Ke ɗiyar ina ce?"

"Maruda."

"Da toka kika haɗa ko zallansa?"

"Zallansa."

"Kwano nawa?"

"Rabi."

"Rabin kwano! Yarinya, wannan ai na buhu biyar ne!"

Wata ta fashe da dariya, sauran suka bi, suna dariya suna tari suna share hawaye. Mai jikin nan ta ce, "To mu dai yanzu ba ƙwaron da zai taɓa mu sai baɗi." Aka kwashe akwatuna aka koma inuwar darbejiya a kan tabarmi, aka kawo ruwa a bokiti kowa ta wanke fuska, aka ci gaba da nuna lefe da jajayen idanu. An ɗaura auren bayan mako biyu, lafiya lau.

Kowa ya yi dariya ranar ban da mutum biyu, ni da Inna. Ba ta zage ni ba, ko harara ba ta yi min ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Ita ce ta yabe ni a gaban baƙi da bakinta, minti biyar kafin abin ya tashi, kuma ita ce aka zarga da asiri a ɗakinta. Kwana uku na yi ina wanke dardumar a bakin rijiya, hannuwana suna raɗaɗi har gwiwar hannu, na shanya na kai mata. Ta karɓa ta ce, "Sannu," ta tura ƙarƙashin gado.

Da aka gama Ƙaramar Sallah aka zo tattara kaya, ina gani Yaya Hauwa ta naɗe dardumar ta jefa 'yan ƙwayoyin kafur guda huɗu a ciki, ta saɓa a kafaɗa ta tafi da ita gidanta. Guda huɗu kacal. Ni kuma Inna ta kira ni ta nuna min babbar tukunyar ƙarfen da ake dafa shinkafar Sallah.

"Uwar Sadiya, ke tafi da wagga. Ba ta son komi. Kife ta kawai."

Tana nan a kife a bayan ɗakina, shekara biyu ke nan, kuma ban sa mata komai ba. Na gane cewa kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, wadda na guje wa, na je na sayo ta gaban mata goma sha biyu. Yanzu ko gishiri zan ajiye sai na tambaya.

Baƙin nan ban san sunan ko ɗaya ba, kuma ba ni da fuskar zuwa Diggi in bi su gida-gida. In kina cikin waɗanda suka zauna a ɗakin nan ranar, ko kin san wata a cikinsu, musamman mai jaririn, don Allah ki gaya mata na ce ta yafe min.