Kwanon Hukunci

Ba zan taɓa mantawa da kwanon nan mai koren murfi ba, ko da na tsufa na manta sunayen jikokina. Har yau yana saman kabad ɗina, ban ƙara zuba komai a cikinsa ba. Duk ranar da na ji kaina ya fara kumbura, sai in ɗaga ido in dube shi, nan take in dawo hayyacina.

Wata takwas da aurena aka gano surukina, Bappa, yana da ciwon suga da hawan jini. Ba wanda ya san da su sai da aka kai shi asibiti a cire masa yanar ido, wadda ta raba shi da karatun Alƙur'ani shekara biyu, dattijon da a da yake saukewa duk wata. Likita ya auna, ya girgiza kai, ya ce ba mai taɓa idon nan sai suga da jinin sun sauka. Ya rubuta magani, sannan ya jero abin da za a rage: gishiri, dunƙule, mai, sakwara, farar shinkafa, shayi mai suga. Mijina Umaru ya ce suna fitowa Bappa ya tambaye shi, "To me ya bar mini? Ruwan alwala?"

Surukata ta rasu tun kafin in shigo gidan, Umaru kuma aikinsa a Wukari, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Don haka tukunyar Bappa ta faɗo hannuna, ni kuwa na karɓe ta hannu bibbiyu. (Kar in yi ƙarya, ba tausayi kaɗai ba ne. Tun da aka kawo ni unguwar Turaki a Jalingo matan unguwa ke kirana "amarya 'yar boko", suna kallon farcena kamar bai taɓa gaisawa da tukunya ba. Na ce ga ranar da zan rufe musu baki.)

Kwana uku na yi ina kallon bidiyo a waya, rana ta huɗu na tashi likita. Na kori gishiri, na kori dunƙule, na kori mai. Korar ta yi mini daɗi, sai na zarce. Daddawa na ce warinta ba na lafiya ba ne. Barkono na ce zai tayar da jini. Albasa kuwa, wani mai farar riga a bidiyo ya ce tana da zaƙi, ita ma ta bi 'yan uwanta. Abin da ya tsira shi ne tuwon acha, da zogale da nake tafasawa a ruwa zalla in raɗa masa suna miya. Ranar da nake jin karamci, in yanka ɗanyen agada in jefa.

Na san za a tambaye ni yaya ɗanɗanonsa yake. Ban sani ba, don ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ni lafiyata ƙalau, me zai kai bakina abincin mai ciwo? Tukunyata daban take, da manta da kifinta.

Shi Bappa ba ya cin tuwon dare a ɗaki. Tun kafin a haifi Umaru su biyar ke ciyayya a gindin mangwaron ƙofar gidanmu: an idar da magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma. Akwai Malam Buba mai tumbi, akwai Baba Yohanna tsohon direba, da wasu dattawa biyu. Na san da zaman sarai. Amma ni a gidajen ma'aikata na tashi, inda kowa da farantinsa da cokalinsa, don haka a lissafina mai ciwo zai tsaya kan kwanonsa, tunda na aika masa gargaɗi ta bakin Umaru. Leƙawa kuwa ban taɓa yi ba. Ina ni ina wurin cin surukai?

Kullum in zuba a kwano mai koren murfi, Bappa ya ɗauka da kansa yana laluben bango, kuma kullum kwanon ya dawo tas kamar an lashe. Ya ajiye a ƙofar kicin ya ce, "Useko, 'yata, na gode. Allah ya yi albarka." Ni kuma in ɗauki hoton kwanon in jefa a guruf ɗin matan unguwa, in rubuta a ƙasa: "Wa ya ce sai da gishiri?" Kafin wata guda na fara ba da fatawa. Mace ta ce kanta na ciwo, in ce mai ne. Ta ce ɗanta ya faɗi jarrabawa, in ce a duba dunƙulen da yake ci.

Abu ɗaya ne ya ƙi ba ni haɗin kai, wato sugan Bappa. Sau biyu ana sa ranar aikin idon, sau biyu ana ɗagawa. Na ce na'urar asibitin ce ta tsufa. Na ce likitan yaro ne. Har baki na fara zargi, na ce matan unguwa ne suka sa wa girkina ido. Shi kuwa Bappa da hantsi sai ya ɗauko Alƙur'aninsa, ya kai shi dab da fuska, ya daɗe a haka, sannan ya rufe ya mayar cikin gafaka. Nakan gani daga tsakar gida, abin ya sosa mini rai, sai in koma in ƙara rage wani abu a miyar.

Ana cikin haka aka tashi bikin 'yar Malam Buba. Mata muka cika tsakar gidansa, tukwane a kan murhu, hayaƙi ko'ina. Mama Rifkatu, matar Baba Yohanna, ita ce sarauniyar girkin, da doyar gonarsu ta Kona ake kirɓa sakwara. Ina zaune ina yanka albasa (an ba ni aikin da ba zan iya ɓatawa ba) sai na ga ta tuntsura galan ɗin man ja a tukunyar agushi. Likitan da ke cikina ya motsa.

"Haba Mama, wannan man ai kisan kai ne," na ce, da muryar da har masu kirɓi suka tsaya. "Ni wata uku ke nan Bappa bai ga mai ba, bai ga gishiri ba, kuma kullum sai ya sauke kwano tas. Girki ilimi ne. In kuna so in ware rana in koya muku."

Ban tsaya nan ba. Na goge hannu na zaro waya, na buɗe hotunan kwanona na miƙa mata.

Mama Rifkatu ba ta cikin guruf, wayarta mai tocila ce. Ta karɓa, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"Kai amarya," ta ce da Hausarta ta Jalingo, wadda ba ta raba mace da namiji, "wannan kwano mai koren murfi, naka ne?"

"Nawa ne," na ce, ina gyara ɗaurin ɗankwali.

Ta saki ludayi a tukunya. Dariya ta kama ta har ta zauna a kan turmi. Ta ɗaga murya ta kira uwar amarya, matar Malam Buba: "Dada! Dada, zo ka ga mai Hukunci!"

Na ce, "Wane hukunci?"

"Kwanon ka mana! Su tsofaffin nan sun sa mishi suna Hukunci. Doka ne a gindin mangoro, wanda ya zo ƙarshe, shi zai cinye, ba a rage ko loma. Maigida na, da sai an aika mishi sau biyu kafin ya fita. Yanzu ko, masu salla ba su fito masallaci ba, shi yana kan tabarma yana jiran su."

Tsakar gidan ta kwashe da dariya. Na ji albasar da nake yankawa ta dawo mini ido gaba ɗaya. Da ƙyar na ce, "To Bappa me yake ci?"

"Sakwara na mana! Malmala biyu. Ni har na ƙara doya, na ɗauka baƙo suka yi."

A lokacin Dada ta iso tana share hannu a zani. Da aka ba ta labari ba ta yi dariya ba, ta kama hannuna biyu ta riƙe.

"Ashe ke ce? Wallahi useko, amarya. Malam ne ke shan Hukunci kusan kullum, don shi sai ya gama lazimi yake fitowa. Tumbin nan ya tafi, wandunansa uku na kai wa tela ya rage. Asibiti ma sun ce jininsa ya sauka."

Da gaske take godiyar, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Wata uku ina jinyar mutum, ashe maƙwabci ne ke warkewa. Wayata na yawo hannu zuwa hannu, kowa na son ganin Hukunci ido da ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na karɓi wayar, na ce na bar wuta a gida, na fita ko sakwarar bikin ban ci ba.

Da na koma na dafa abincin Bappa yadda na saba, don hannuna bai san wani ba. Sannan, karo na farko, na gutsuri acha na dangwala a zogalen na kai baki. Jama'a, kamar ruwan da aka wanke tabarma. Na juya loma a baki, na roƙe ta, ta ƙi wucewa. Na tofar, na zauna a kan kujerar tsuguno na yi kuka sosai, kuma ba kukan kunyar biki ba ne. Alƙur'anin nan da ake rufewa da hantsi nake tunawa.

Kafin magariba na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Bappa, ashe ba kwa ci."

Ya ce, "Ranar farko na yi loma uku."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Da wane baki? Ina jin ki tun asuba kina wanke acha kina tsince tsakuwa. Kuma a dawo miki da kwano cike a idon unguwa, an tozarta ki ke nan. Shi ya sa na ce da su Buba mu kafa doka."

Wato Hukuncin ma shi ya ƙirƙiro, don ya rufa mini asiri. Na ce, "Idon fa, Bappa?"

"Ido zai jira," ya ce. "Ke baƙuwa ce a gidan nan."

Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin ƙaunar wani dattijo irin haka ba.

Washegari na ajiye boko a gida na tafi wurin Mama Rifkatu. Ta gama dariyarta tukuna, sannan ta jawo mini kujera. "Likita ya ce a rage, kai kuma ka kashe," ta ce. Ta dawo mini da daddawa, da citta, da tafarnuwa, da barkono. Ta nuna mini yadda cokali ɗaya na mai ke isa in an bar albasa ta soyu a hankali, da yadda busasshen kifi ke ɗaga miyar zogale. Na koma asibiti da jerin abin da likita ya ce a rage na tambaya, ma'aikaciyar ta ce babu wanda ya hana albasa, ta kuma tambaye ni a ina na ji. Na ce wata maƙwabciya ce ta faɗa mini.

Saura matsala ɗaya: hannun Bappa ba ya tsayawa a kwano ɗaya, kuma raba shi da gindin mangwaro daidai yake da kai shi kurkuku. Dada ce ta warware. Ta tara matan gidajen biyar a ɗakinta, muka yi yarjejeniya ba da sanin maza ba: kowace tukunya ta rage gishiri da mai kaɗan-kaɗan, sakwara ta koma sau ɗaya a mako, malmalar ma ta rame. Mun ji ana ƙorafi a waje. Baba Yohanna ya ce bai taɓa ganin unguwar da hannun matanta ya mutu rana ɗaya ba. Amma dai sun ci, don yunwa ba ta san ƙorafi ba.

Bayan wata biyu likitan nan da na ce yaro ne ya auna, da na'urar nan da na ce ta tsufa, ya ce a shirya. Aka yi aikin lafiya. Bayan 'yan kwanaki, ina kicin ina jiƙa daddawa da hantsi, na ji murya daga ɗakin Bappa, a hankali, tana ɗan rawa, tana bin layi. Na tsaya da hannuna a ruwa har ya kai ƙarshen shafi na ji ya juya.

Yanzu ba na sauke tukunya sai na kai baki, ko ta wa ce. Fatawa kuwa na rufe shago. Kwanan baya Dada ta zo da maganar cewa tumbin Malam ya fara dawowa, ko zan taimaka da tsohuwar miyar nan sau biyu a mako. Na ce mata wallahi na manta yadda ake yi. Abin da ban manta ba shi ne, in kwano ya dawo maka tas, kar ka yi saurin ɗaukar hoto. Fara tambaya tukuna wa ya makara.