Allon Tagullar Buford

"Duk gundumar nan babu wanda ya san tsohon gida kamar ni. Katako kawai zan shinshina in gaya muku shekarunsa!"

Buford Tillery ke nan a shagon aski, yana buga ƙirji. Kai da ba ka san shi ba sai ka yarda. Mu kuwa a nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka mun san Sarkin Cika-baki tun yana sayar da tsofaffin tayoyi.

Abin da ke cinsa shi ne allon tagullar nan da kwamitin tarihi ke kafawa a gaban gini mai daraja, inda motocin baƙi ke tsayawa duk bazara. Sai ga wasiƙa daga kwamitin, wai suna tafe ƙarshen wata. Layin farko kawai ya karanta, ya cusa ta a aljihu.

"Ƙarasa karantawa mana," in ji matarsa Lurleen.

"In karanta me? Maganar gidan kakana ake yi. Ke dai ki tanadi shayi mai ƙanƙara."

Gogan naka ya dukufa gyara. Ya fara da tsofaffin gilasan taga, ya ɓaɓɓalle su.

"Dubi yadda suke mai da fuskata kamar ta kwaɗo!"

"Ba laifin gilashin ba ne," in ji Lurleen.

Ya shimfiɗa leda a kan daɓen katako. Ya sayo ginshiƙan roba farare guda huɗu, cikinsu fayau kamar kan mai su, ya jera a baranda. Daga nan ya tuna baƙi za su nemi wurin ajiye mota. To, akwai wani ɗan ɗakin gungume a bayan gida, ya karkace, tarkace kawai yake zubawa a ciki. Ya kira mai katafila, kafin azahar an baje shi an zuba tsakuwa.

Ranar Asabar ya sha farin kwat, ya tsaya a baranda. Shugabar kwamiti ta sauko daga mota da sandarta: Malama Odessa Gantt, shekara tamanin da uku. Ita ta koya wa Buford karatu, ko in ce ta yi iyakar ƙoƙarinta.

"Barka da zuwa gidan tarihi, Malama!" Ya jingina da ginshiƙi don ya yi jawabi. Ginshiƙi ya ce ban san zance ba, ya sulale, ya tafi da tebur da tulun shayi.

Malama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagaya bayan gida, ta tsaya cak.

"Buford, ina ɗakin?"

"Wannan kangon? Na share muku shi, Malama. Dubi fili, bas uku zai ɗauka!"

Ta daɗe tana kallon tsakuwar. Ina wurin, kuma ban ɓoye maka ba, raina ya ɓaci.

"Kakan kakana ne ya sassaƙa gungumen nan da hannunsa, lokacin yana bawa a gonar nan. Shi ne ɗakin bayi na ƙarshe da ya rage a gundumar. Yana nan a layi na biyu na wasiƙata."

Buford ya nuna gidansa. "To... gidan fa, Malama?"

"Gidan? Yaro, ai na girme shi! A kan idona aka haƙa harsashinsa."

Amma ka san wani abu? Allon ya zo. Bayan wata biyu aka kafa shi a bakin titi, a filin gunduma, inda Buford ba shi da ikon taɓa shi. An rubuta sunan wanda ya gina ɗakin da shekarar da ya gina shi. A ƙasa kuma aka ƙara: "Buford Tillery ne ya rushe shi don ajiye motoci."

Duk Asabar Lurleen na fitowa da tsumma, ta goge layin ƙarshen nan har sai ya yi ƙyalli.