Usur-saheb da Dariyar Baburao

Duk garin Pune na ƙasar Indiya babu wanda ya kai Madhukar Pendse kwanciyar hankali. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma da ƙarfi ya faɗa, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Shi ya kafa Ƙungiyar Dariya ta lambun unguwarmu, shi ne shugabanta, shi ne kuma mai ba shugaban shawara. A gabansa Pendse-saheb muke ce masa, wato maigida Pendse. A bayan idonsa kuwa Usur-saheb ne, domin da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa komai ya mayar wa gwamnati, ban da usur.

Kullum da sassafe muke yin da'ira a kan ciyawa, mu tsofaffi masu hawan jini da ciwon gwiwa, shi yana tsakiya ya ɗaura farin doti, zanen mazanmu, mai guga. Ya busa, mu ɗaga hannuwa mu ƙyalƙyale. Ya sake busawa, mu yi ɗif. Akwai dariyar zaki, wadda ake zaro harshe. Akwai dariyar wanda ya ga kuɗin wuta. Duk wanda "hi" ɗaya ta suɓuce masa bayan busa ta biyu, ranar sai ya gwammace bai fito ba.

"Damuwa ce ke cinye ƙasar nan," in ji shi. "Ku dube ni! Ni ban san ɓacin rai ba. Kakanninmu sun koya mana tausayin duk mai rai, tun daga tururuwa har saniya, wadda mu Hindu muke ɗauka uwarmu. Kai! Wane ɗan iska ne ya jingine keke a jikin allon ƙungiyata?"

Matarsa Sulabha-tai, wato yaya Sulabha, ba ta zuwa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Haba ɗan'uwa, lokacin ne fa kaɗai nake samun lafiyar kunnena."

Mutum ɗaya ne ya zame wa wannan babban bawan zaman lafiya ƙarfen ƙafa: Baburao Thorat. Matarsa ta rasu a damina, 'yarsa tana aure a ƙasar waje, gidansa ba kowa sai hoton marigayiya. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri, in bai shiga mutane ba zai bi ta. Shi ya sa yake zuwa. Yana ɗaga hannu tare da mu, yana buɗe baki, amma sauti ba ya fita. Mu dai ba mu damu ba, tunda yakan zauna a sha shayi da shi bayan an tashi, wani lokacin har ya ci abinci. Ni kam tausayinsa nake ji ƙwarai.

Shugaba bai ga haka ba. "Baburao, wannan fuskar taka tana zubar da mutuncin ƙungiya. Ran Lahadi kansila zai zo da masu ɗaukar hoto. In ba ka yi dariya ranar ba, kada ka sake tako mini lambu. Mutuwa dai kowa ana yi masa."

Baburao ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan gwada, saheb."

Lahadi ta zo. An kafa rumfa, an kawo lasifika, an rataya wa Usur-saheb wata jibgegiyar sarƙar furanni da ta sauko har gwiwarsa. Shi ya saye ta, shi ya zaɓi wanda zai rataya masa, amma da aka rataya sai da ya nuna mamaki. Aka busa usur, muka yi ta zaki, muka yi ta kuɗin wuta. Baburao ya buɗe baki iya ƙarfinsa, shiru. Shugaba ya watsa masa kallon da ke cewa an gama.

Daga nan aka shiga jawabi, mai taken haƙuri. Yana tsaka da shi sai ga wata saniya daga cikin masu yawo a titi, ta shigo ta bayan rumfa. Ta sunsuni kansila, bai yi mata ba. Ta matsa ta kama ƙasan sarƙar furannin ta fara tauna.

"Mai haƙuri," in ji Shugaba, wuyansa na karkacewa, "ba abin da ke girgiza shi. Uwa, saki mana. Kamar dutse yake a... Uwa, don girmanki." Uwa ta ja, Shugaba ya biyo ta a duƙe, lasifika a hannu. "Saki, shegiya! Ku kawo sanda! Wallahi sai na karya ƙashin bayanki, 'yar banza mara gata!" Duk unguwa ta ji, har masu ibada a haikali. Ya fizge da ƙarfi, zaren ya tsinke, ya zauna daɓas a cikin kashin da uwa ta ajiye tun shigowarta.

Ba wanda ya yi dariya, tunda ba a busa ba. Kansila ya duƙufa kallon takalminsa.

Sai muka ji wani sauti kamar tsohuwar ƙofa. Baburao ne. Ya riƙe ciki, ya durƙusa, hawaye na zuba, yana cewa, "Wayyo, da Kamal tana nan! Da ta ga wannan!" Tun rasuwar matarsa ba mu ji ya ambaci sunanta ba sai ranar.

Usur-saheb ya miƙe, doti ya tashi daga fari. Ya nuna Baburao da yatsa. "Wa ya ba ka izini? Na busa? An kore ka!"

Baburao ya kama hanyar ƙofa yana tangaɗi, dariya ta hana shi ba da haƙuri. Muka bi shi ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin mai shayi, har da masu ɗaukar hoton. Poha, shinkafarmu ta karin kumallo, faranti biyu ya cinye.

Muna jiyo Shugaba a cikin lambu yana ta busa usur, a dawo a yi dariya. Saniyar ce kaɗai ta waiwayo, ta ga ko akwai sauran fure.