Ranar da Jaki Ya Ba da Shaida

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ba. Lokacin ina aiki a wani furoje, wato shirin bincike na gwamnati, a Madarunfa, muna binciken irin wake mai jure fari. Dokar kuɗin binciken a fili take: ma'aikaci ba ya cin riba a abin da furoje ya saya ko ya ɗauka haya. To amma albashi ya daina zuwa, hatsi ya ƙare, ga matata da tsohon ciki.

Sai na yi dabara (a lokacin gani nake duk Maraɗi babu mai wayona). Na sayar da kekena da rediyo, na sayi jaki da amalanke, na damƙa wa Malam Idi, wani dattijo ɗan Safo. Ni ke zaɓen mai kai taki gonakin gwaji, don haka na zaɓe shi. Jakin kuwa a gidana yake kwana, da hannuna nake ba shi dusa.

Rannan mai binciken kuɗi ya zo daga Yamai, ya tara mu a gonar gwaji, gaban darakta da manoma. Ya nuna Malam Idi can bakin gona, ya ce mini da irin ladabin Faransanci, "Mushe, kana da wata alaƙa da mai amalanken can?"

Na dafa ƙirji. "Ni? Ko sunansa da ƙyar nake riƙewa."

Ashe jakin ya ji muryata. Ya kafa kuka, ya jawo amalanke da buhunan taki, ya ratsa ta kan waken da muke aunawa, ya zo ya tura hanci cikin aljihuna. Na ture shi, ya dawo. Na matsa, ya biyo ni.

Malam Idi, bawan Allah, ya so ya gyara. "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Dabba ce, in ta ga maigidanta ba ta jin kira."

Ba wanda ya yi dariya (da ma sun yi, da na ji sauƙi). Darakta ya sunkuyar da kai.

Korata ƙaramin abu ne. An dakatar da kuɗin furojen gaba ɗaya, abokan aikina suka koma zaman gida, binciken ya mutu a gona. Har yau akwai masu kau da kai in na yi musu sallama a kasuwa.

Abin da na koya, a makare: mutum na iya haɗa baki da kowa, ban da mai ƙaunarsa tsakani da Allah.