Awarwaron Maimuna Yana Cikin Rijiya

Ni na jefa awarwaron matata Maimuna cikin rijiyar unguwarmu a Kwatarkwashi, ranar Talata da hantsi. Na tagulla ne, ɗaya daga cikin biyun da ta gada wurin uwarta. Ban tambaye ta ba. Ban saba tambaya ba.

Ga dalili. Ruwan rijiyar nan ya kwantar da jikokina da gudawa. Rijiyar burtsatse kuwa muna da ita, Allah ya saka wa Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle. Ya zo da jiniya ya buɗe ta, ruwa ya zubo, muka yi tafi. Da la'asar injin da wayoyinsa suka bi ayarinsa zuwa Tsafe, don a buɗe musu tasu. Adalci ke nan: inji ɗaya, kowane gari ya gan shi.

Sai maƙwabcina Malam Aminu, mai koyar da kimiyya a Bungudu, ya ce mini tagulla na kashe ƙwayoyin cuta. Nan na miƙe. Ni ba na zama har yaro ya gama magana.

Da yamma na sanar da shi aikin da na yi wa jama'a. Sai ya ce:

"Baba, ai ban ƙare ba ka tashi. Wasu ƙwayoyin suna da mai gadi a cikinsu. Da ya ji tagulla sai ya ta da na barci, su yi ta kwarfe ta waje. Masana ma so suke su ɗauki mai gadin nan aiki."

"Abin da ido ba ya gani, shi ke da mai gadi?"

"Kuma ba ya gyangyaɗi. Awarwaro ɗaya a rijiya ko atishawa ba zai sa su ba. Ku dai tafasa ruwa."

To kun ji. Halittar da ba ta da kunne, ta ji matsala ta tashi. Mu tun da aka ba mu jiha muke sallama a ƙofar manya, ko mai gadinsu bai motsa ba. Ni ma da furfurata, ƙwaya ta fi ni sauraro.

Amma "ɗaya" ɗin nan da ya ce ta tsaya mini a rai. Ashe ƙari ake buƙata. Na shiga gida na tarar Maimuna tana hura wuta ƙarƙashin tukunyar ruwa, ɗaya awarwaron na hannunta.

Na ce, "Kawo wannan ma. Kimiyya ce."

"Ina ɗan'uwansa?"

"Yana wurin aiki."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ga igiya can, ga guga. Wannan kam ba zan ba ka ba."